Muna Tsaron Ƙoda, Ciwo Ya Shigo Ta Ido

Ni malamar makarantar firamare ce a Haɗeja, kuma ɗana na uku, wanda muke kira Abba saboda sunan kakansa ya ci, yana fama da ciwon ƙoda tun yana ɗan shekara biyar. Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a yankinmu, domin daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa ba ya yi wa mutum wuya ya ji labarin wanda ake kai wa wankin ƙoda ko wanda ciwon ya yi ajalinsa. Sai dai waɗanda na sani duk manya ne, magidanta da matan aure, saboda haka ban taɓa kawo wa raina cewa yaron da bai gama sauya haƙori ba zai shiga sahunsu.

Alamar farko a fatar idonsa ta bayyana. Yakan tashi da safe idanu a kumbure, kafin azahar kuma kumburin ya sauka, har wanda ya gan shi da yamma ya ce babu abin da ke damunsa. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce cizon sauro. Da ƙafafu da ciki suka bi sahu, fitsarinsa kuma ya riƙa yin kumfar da ba ta saurin kwantawa, sai aka yi gwaji aka tarar furotin yana zuba cikin fitsarin da yawa. Likita ya kira ciwon da suna nefrotik, ya ce ƙoda tamkar rariya take, tana tsiyaye datti ta riƙe abin amfani, ta Abba kuwa ramukanta sun buɗe har furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jini yana tserewa. Idan furotin ya yi ƙaranci sai ruwan ya fita ya taru a ƙarƙashin fata, kuma fatar ido ce ke fara nunawa saboda taushinta, musamman bayan kwanciyar dare.

Aka ɗora shi a kan firednisolon, wanda yake daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid. A karon farko maganin ya yi aiki har muka ɗauka an rabu ke nan, kumburi ya tafi, fitsari ya washe. Amma duk sanda mura ko zazzaɓi ya kama shi sai ciwon ya dawo, a sake ɗaga maganin, a rage, a sake ɗagawa. Haka muka yi ta yi har ya kai shekara takwas. Fuskarsa ta yi faɗi, cinsa ya ƙaru, tsayinsa ya tsaya har ƙanensa ya kusa kamo shi. A duk tsawon wannan lokaci hankalinmu yana kan fitsari da gishiri da nauyin jiki, kuma a asibitin da muke zuwa a lokacin babu wanda ya taɓa ambata mana ido. Shi ma Abba bai taɓa cewa idonsa na ciwo ba.

Akwai abubuwan da muke gani a gida, amma kowanne yana da fassarar da aka ba shi. Idan ya fita rana sai ya ƙanƙance ido ya kare fuska da hannu. Malamin Islamiyyarsu, wanda ke karantar da su a farfajiya, ya aiko cewa yaron ya fara wasa da karatu, yana tsallake layi a cikin Alƙur'ani, alhali da magariba a cikin ɗaki yakan karanta shafin nan ba tare da tuntuɓe ba. Da dare idan babur ya haske shi sai ya tsaya cak har hasken ya wuce. Wata maƙwabciya ta ce dundumi ne, a ba shi hanta. Amma mai dundumi da dare yake wahala, Abba kuwa hasken rana ne ke hana shi gani. Kakarsa ta ɗaga fatar idonsa ta duba, ta ce baƙin idon nan wuluk yake, babu yana babu hakiya, rigima ce kawai irin ta yaron da jinya ta shagwaɓa.

Da ciwon ya daina jin maganin yadda ya saba, aka tura mu Asibitin Malam Aminu Kano. A can aka ɗebi ɗan tsokan ƙodarsa da allura aka duba, aka ga wasu sassan matatun sun yi tabo, kuma tabo a ƙoda ba ya komawa. A nan na fara jin cewa idan lahanin ƙoda ya wuce wata uku ana lissafa shi a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma an kasa shi mataki biyar bisa ƙarfin tacewar da ya rage: mataki na uku daga 30 zuwa 59, na huɗu daga 15 zuwa 29, na biyar kuwa ƙasa da 15, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Likitar da ta karɓe mu ta karanta takardunmu, ta lissafa tsawon lokacin da yaron ya yi yana shan firednisolon, sannan ta ɗago ta tambaye ni: “Maman Abba, yaushe aka duba idonsa na ƙarshe?” Na ce ba a taɓa ba. A ranar ta rubuta mana takardar zuwa ɓangaren ido.

A ɓangaren ido an sa shi karanta haruffa daga nesa, aka auna matsin cikin idon, aka ɗiga masa maganin da ke buɗe baƙin tsakiyar ido, sannan likita ya duba shi da na'urar da ake ɗora haɓa a kanta. Ya ce akwai yana a idanun biyu, na dama ya fi. Na gaya masa abin da kakarsa ta ce, sai ya bayyana mini cewa yanar da sitiroyid ke haifarwa ba irin ta tsofaffi ba ce da takan yi fari kowa ya gani. Ita a can bayan madubin cikin ido take farawa, a daidai tsakiya, ba a ganinta sai da na'ura. Idan haske ya yi yawa, baƙin tsakiyar ido yakan tsuke, sai ya zama duk hasken da zai shiga ta wurin da yanar take zai bi, shi ya sa yaron ke kasa karatu a farfajiya. Idan haske ya ragu sai ƙofar ta buɗe, haske ya sami hanya ta gefe. A zaune a wurin na tuna da saƙon malamin Islamiyya da faɗan da mahaifinsa ya yi masa a kan saƙon.

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi. Matsin cikin ido a wurin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, na Abba kuwa ya haura 30 a idon dama. Wannan shi ne abin da ake kira hawan jinin ido, ko da yake dabam yake da hawan jinin jiki. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa wanda ke fita ta wasu ƙananan hanyoyi, sitiroyid kuma yana rage fitar ruwan a jikin wasu mutane, yara sun fi manya saurin kamuwa. Idan ruwan ya taru sai ya danne jijiyar gani. Likitan ya ce yana takan ɗauki watanni ko shekaru kafin ta taru, amma matsin ido yana iya hawa cikin makonni kaɗan da fara maganin, ba tare da zafi ko ja ba, kuma ganin gefe yake fara ci, wanda yaro ba zai lura ya rasa ba. Yana ana cire ta gani ya dawo. Abin da matsi ya kashe a jijiyar gani kuwa ya tafi ke nan.

Da muka koma gida na faɗi abin da aka ce, gidan ya rabu biyu. Surukata ta ce, “Ke da kike da boko, ashe da hannunki kike ba shi abin da zai makantar da shi? A zubar da ƙwayoyin nan yau.” Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, likita ta ce kada a tsayar.” Malam, mahaifinsa, bai ce komai ba a gabanta, amma da dare ya tambaye ni ko ba gara a bar yaron da idonsa ba, tunda ƙodar ma an ce ba za ta koma daidai ba. Ban ga laifinsu ba, domin ni ma abin ya zame mini gaba kura baya sayaki. Sai na roƙe shi ya bi mu zuwa Kano ya ji da kunnensa.

Likitar ta yi masa bayani a natse. Ta ce jikin mutum yana da wasu ƙananan gaɓoɓi a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari, kuma idan an daɗe ana shan firednisolon sukan rage aiki, saboda haka wanda aka yanke wa maganin rana ɗaya awon jininsa yana iya faɗuwa har ya rasa ransa. Hanya ita ce a riƙa ragewa sannu a hankali, a kawo wani magani ya karɓi aikin. Aka sa masa takrolimus, wanda tsadarsa ta sa muka sayar da filin da Malam ya gada, ga kuma gwajin jini da ake yi don a tabbatar bai yi yawa a jiki ba, domin shi ma idan ya wuce kima ƙodar yake taɓawa. Tun daga ranar Malam ya zama shi ke amsa wa Hajiya idan maganar ta taso.

A nan ne na fahimci cewa aikina ya ƙaru. Likitar ƙoda tana da ranarta, likitan ido yana da tasa, ga kuma asibitin gida da muke zuwa idan zazzaɓi ya taso tsakanin tafiya da tafiya, kuma ni kaɗai ce nake halartar dukkan wuraren nan. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi na riƙa rubuta kowane magani da adadinsa, da sakamakon kiriyatinin, wato gwajin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, da awon jini, da matsin kowane ido, duk likitan da muka zauna gabansa sai na buɗe masa. Amfanin haka ya fito tun da wuri. Akwai ƙwayar da ake yawan bayarwa don sauke matsin ido da sauri, asetazolamayid, amma da likitan ido ya ga matakin da ƙodar Abba take sai ya ce ba za a ba shi ba, domin ƙoda ce ke fitar da ita, kuma a jikin mai raunin ƙoda takan taru ta ɓata ma'aunin jini. Ya zaɓi maganin ɗigawa na timolol, bayan ya tambaye ni ko yaron yana da asma, ya kuma koya mini in danne kusurwar idon ta wajen hanci bayan ɗigawa don kada maganin ya gangara ya shiga jiki. Da wannan da ragin firednisolon matsin ya sauka.

Abin da ya fi tsorata ni a duk jinyar ya faru yana ɗan shekara tara. Ya wuni yana kukan ciwon kai, ya yi amai, da la'asar kuma yana zaune a tsakar gida, rana ba ta faɗi ba, sai ya ce, “Umma, me ya sa gari ya yi duhu?” Na miƙa masa hannu bai gan shi ba. Kafin a samo mota ya fara jijjiga. Mata suka cika gidan, wasu na cewa iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara masa habbatussauda. Na ce a yi masa addu'a a cikin mota. A asibiti aka auna jininsa aka tarar ya yi hawan da ko a jikin babba abin tsoro ne. Aka sauke shi a hankali, domin sun ce saukewa da gaggawa ma tana da nata haɗarin ga ƙwaƙwalwa da ido, kuma cikin ikon Allah ganinsa ya dawo kafin a sallame mu. Daga baya aka bayyana mini cewa idon kansa bai mutu ba a ranar, ɓangaren bayan ƙwaƙwalwa da ke fassara abin da ido ya gani ne ya kumbura saboda hawan jini, kuma idan an kama shi da wuri yakan warware.

Bayan wannan likitan ido ya duba bayan idonsa ya ce jijiyoyin jinin wurin sun tsuke, akwai kuma ɗigon jini nan da can, shaidar cewa hawan ya jima yana aiki kafin ranar da ya kayar da shi. Ya ce a bayan ido ne likita ke iya kallon ƙananan jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da yanka ba, don haka abin da ya gani ya rubuta wa likitar ƙoda, ita kuma ta ƙara maganin hawan jini. Na koyi cewa awon jinin yaro ba a gwada shi da na babba, da shekarunsa da tsayinsa ake dubawa, kuma lambar da za a ce wa magidanci lafiya lau tana iya zama hawa a jikin ɗan shekara tara. Na koyi kuma cewa abin ɗaurawa a hannu na manya ba ya ba da awo na gaskiya a siririn hannun yaro, sai da muka nemo ƙarami muka ajiye a gida. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa kuwa tukunyar Abba ta rabu da su, har sauran yaran suka saba da cin irin nasa.

Yanar idon dama ta ci gaba da ƙaruwa ko bayan an rage maganin, har ta kai ba ya ganin allo daga layin gaba. Da maganar aiki ta taso, shawarwari suka yi yawa. Wani ɗan'uwan Malam ya kawo labarin masu kwantar da yana na gargajiya da ke bin kasuwanni, waɗanda ke soka tsinke su tura madubin ya faɗa cikin ido. Na ga tsofaffin da aka yi wa haka suka ƙare da ido a mace, don haka ban bari maganar ta yi nisa ba. Wasu suka ce mu tafi asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda yake aiki tun 1943, wasu suka ce Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma duka biyun wurare ne da aka san su da wannan aiki. Muka zaɓi a yi a inda likitocin ƙodarsa suke, saboda yaro sai an sa shi barci gaba ɗaya kafin a taɓa idonsa, kuma sa mai ciwon ƙoda barci yana buƙatar a tabbatar da fotashiyam ɗinsa, wani sinadarin jini da ƙoda ke daidaitawa, da yawan jininsa da awonsa sun daidaita. An ɗaga ranar aikin saboda jininsa ya yi ƙasa, wanda abu ne da ke bin ciwon ƙoda, tunda ita ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini.

Aka cire madubin da ya dushe aka sa na roba. Bayan aiki dole aka ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid don kada idon ya kumbura, wato abin da muke gudu shi aka koma wa na ɗan lokaci, sai dai wannan karon ana auna matsin a kai a kai. Don zafi kuwa farasitamol kaɗai aka yarda ya sha, aka ja kunnena game da ibufurofen da daiklofenak, waɗanda ake sayarwa a kowane kyamis kuma suna cutar da ƙoda. Madubin roba ba ya sauya tsayuwa tsakanin nesa da kusa kamar na halitta, don haka aka yanka masa tabarau na karatu. Daga baya fatar da ke riƙe da madubin ta yi hazo, abin da aka ce yana yawan faruwa ga yara, aka buɗe ta da hasken leza yana zaune a kujera.

Da ƙodar ta gangara mataki na huɗu sai wani sabon abu ya fito: idanu ja, da jin kamar akwai yashi a ciki. Lokacin hunturu ne, kowa ya ce ƙura ce ko afolo, aka kawo shawarar kwalli da wani maganin ɗigawa da ake saya ba tare da takardar likita ba. Na karanta jikin kwalbar na ga sitiroyid ne a ciki, na mayar. Likitan ido ya ga wasu fararen ɗigo a farin idon, kusa da gefen baƙin, ya ce kalsiyam ne da fosfet. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fosfet, sai ya haɗu da kalsiyam ya kwanta a wurare dabam-dabam na jiki, ciki har da fuskar ido, kuma idan aka bar shi yana iya shimfiɗuwa ya ratsa baƙin idon ya tare gani. Maganin wannan ma ba a ɓangaren ido yake ba. Likitar ƙoda ce ta rage masa madara da baƙin lemon kwalba, ta ba shi ƙwayar da ake sha tare da abinci don ta kama fosfet tun a hanji, shi kuma likitan ido ya ba da ruwan hawaye na kwalba don rage ƙaiƙayin.

A layin jira na haɗu da iyaye da yawa, kuma na lura ba kowane yaro ne matsalar idonsa ta zo ta hanyar magani ba. Akwai wata baiwar Allah da ɗanta ke fitsarin jini, kunnensa yana raguwa, madubin idonsa kuma ya sauya siffa, ta ce mini ƙanenta ma da ciwon ƙoda ya rasu yana saurayi. Nasu ciwon gado ne da ake kira Alport, wanda ya fi tsananta ga maza, kuma abin da likitan ido ya gani yana cikin abin da ya taimaka aka gane shi. Akwai kuma masu sikila, wadda ke iya taɓa ƙoda da bayan ido a lokaci guda. Duk uwar da na zauna kusa da ita nakan yi mata tambayar da aka yi mini, ko an taɓa duba idon ɗanta, kuma ba kaɗan ba ne suke amsawa da cewa ai yaron bai ce yana ciwo ba.

Yanzu Abba yana da shekara goma sha uku, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a layin gaba yake zama, da hular da ke kare masa rana idan za shi makaranta. Idon dama yana karatu da kyau, amma gwajin faɗin gani ya nuna ya rasa wani yanki na gefe, saboda haka na koya masa ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya tsallaka titi. Yanar idon hagu tana nan, ba ta kai a taɓa ta ba tukuna. Likitan ido ya sa mana ganinsa duk wata shida, da kuma duk sanda aka ɗaga firednisolon ko da lokacin bai yi ba.

Ba a fara masa wanki ba, amma an fara yi mana maganar dashe, wanda ake yi a asibitin tun 2002, kuma Malam ya ce a fara gwada shi. Na tambayi likitar ko dashen zai raba mu da zuwa ɓangaren ido. Ta ce a'a, domin wanda aka dasa wa ƙoda yakan koma kan sitiroyid da magungunan rage garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar, kuma a farkon lokacin da yawa ake bayarwa. Ta rubuta a littafina cewa a auna matsin idanunsa biyu a kuma sake duba bayan idon kafin a sa ranar aikin, domin a san daga inda aka tashi.